Kwalba Dabam-Dabam, Maye Ɗaya: Labarin Giya a Birnin Yamai

Mafi yawan mutanen Yamai ba su shan giya, kuma da dama cikinsu ba su taɓa sa ƙafa a mashaya ba. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta nuna cewa Musulmi sun kai 99 cikin 100 na al'ummar Nijar. Lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ya sa Nijar cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin shan giya: in aka raba abin da ake sha a shekara ga dukan manyan mutane, rabon kowa bai kai lita ɗaya ta tsantsar alkol ba, wato sinadarin nan da ke sa maye. Amma wannan rabo a kan takarda yake. A zahiri mutane ƙalilan ne ke shanye rabon jama'a masu yawa, kuma cikinsu akwai magidanta masu iyali, da ma'aikata masu riƙe da aikin hukuma, da samarin da ake sa ran su ɗauki nauyin gida gobe.

Wanda ya saurari hirar mashaya zai ji kowa yana da abin da ya fi so, yana kuma kare shi kamar yadda manomi ke kare irin geronsa. Mai burkutu yana cewa nasa abinci ne, tun da daga dawa aka yi shi. Mai giyar kwalba yana cewa tasa ba ta da ƙarfi, maganin ƙishirwa ce kawai. Mai wuski yana cewa nasa tsabtatacce ne, ba ya sa ciwon kai. Kowannensu yana ganin ɗan uwansa ne mashayi na ainihi, shi kuwa ɗan taɓawa yake yi. Tarihin birnin ya nuna cewa asalin mutum, da nauyin aljihunsa, da zamanin da ya tashi ciki, su ne suka miƙa masa ƙoƙo ko kwalba. Ilimin likita kuma ya nuna cewa abin da ke cikinsu duka ɗaya ne.

Ƙoƙon burkutu

Giyar hatsi ta girmi birnin Yamai nesa ba kusa ba. Tun kafin Musulunci ya game ƙasar Hausa ake dafa ta, kuma bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804, Azna na Arewa da Adar da Gobir, da Maguzawan ƙasar Kano da Katsina, sun ci gaba da dafawa. Ana shan ta ranar gayya bayan an tashi daga gona, da wajen biki, da wajen makoki, ana kuma zuba ta a wurin tsafi. Masana irin su Joseph Greenberg na Amurka, wanda ya zauna cikin Maguzawan Kano a 1938 da 1939, sun iske giya a tsakiyar bukukuwansu. Domin haka barin giya ya zama ɗaya daga cikin alamun farko na wanda ya musulunta.

A Yamai, wannan giya ta fi zama a hannun mutanen da suka zo da ita daga yamma da kudu: Gurmawan yankin Makalondi, da Mosawan Burkina Faso, da mutanen arewacin Benin da Togo. Kowane yanki da sunan da yake ba ta: dolo, ko capalo, ko cukutu. Bahaushe kuwa burkutu yake cewa. Sana'ar mata ce. Ana jiƙa jar dawa, a shimfiɗa ta a lulluɓe har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa. Daga nan a dafa garin cikin manyan tukwane na sa'o'i masu yawa, a bar shi ya yi tsami, a sake dafawa, a tace, a bari ya huce, sa'an nan a zuba masa ƙwayar yis da aka ajiye daga dahuwar baya, ya kwana yana kumfa da kansa. Aikin yana cin wajen mako guda, yana kuma cin itace mai yawa, a birnin da kowane ƙunshin itace daga nesa ake ɗauko shi.

Burkutu ba ya ajiyuwa. In ya wuce kwana ɗaya ko biyu sai ya zama tsami ƙwal. Wannan ne ya sa ake shan sa nan take, a gidan da aka dafa shi, ana zaune kan benci a inuwa, ƙoƙo yana zagayawa. Masu son sa, galibi lebura da mai gadi da magini, suna son arharsa, da cika cikin da yake yi, da kuma hira cikin harshen gida da ake samu a wurin. Ƙarfinsa bai cika wuce kashi 3 zuwa 6 cikin 100 ba. Sai dai ba a shan sa da ƙaramin kofi. Da babban ƙoƙo ake sha, lita bayan lita, sau da yawa tun rana tana tsaka, ciki kuma babu komi.

Abin da ya zo da bariki

Giyar kwalba da barasa mai ƙarfi baƙi ne a wannan ƙasa. A 1890, ƙasashen Turai sun sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Burusal, wadda ta tanadi hana shigar da barasa yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, musamman ƙasashen Musulmi. An sabunta wannan batu a 1919, bayan Yaƙin Duniya na Farko. A Arewacin Nijeriya Ingilishi sun hana sayar wa ƴan ƙasa barasa, sai a unguwannin baƙi irin su Sabon Garin Kano ake samun ta. Amma Turawan mulki ba su hana kansu ba. Da aka ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, giyar inabi da wuski da sauran kwalabe suka riƙa isowa gidajen Filato, daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano, su bi hanyar Paraku, su ƙetare kogi a Gaya.

Tare da Turawa aka zo da akawu da malaman lakwal da ma'aikatan gidan waya daga Dahome da Togo da Senegal, da yawansu Kirista. Su ma sun zo da ɗabi'un gaɓar teku. Bammi ba ya jure tafiya, domin kafin ya iso Yamai ya lalace, amma ruwan da ake tatsa daga gare shi ta hanyar dafawa da kama tururi, wanda ƴan Dahome da Togo ke kira sodabi, yana shekara bai canza ba, kuma ƙarfinsa yana kai na wuski ko ya fi. Shekaru da dama, mutanen waɗannan ƙasashe da na Gana ne suka fi riƙe ƙananan mashayun birnin.

Akwai kuma tsofaffin soja. Waɗanda suka yi aikin soja a Faransa da Indocin da Aljeriya sun ga ana aje jar giyar inabi kan teburin abinci kamar ruwa, wasu kuma suka dawo gida da wannan ɗabi'a da kuɗin fansho a aljihu. Marigayi Umaru Ganda, ɗan Yamai wanda shi kansa ya yi yaƙin Indocin, ya nuna wannan rayuwa cikin fim ɗinsa mai suna Cabascabo, wanda aka nuna a Kan ta Faransa da Mosko a 1969. Labarin tsohon soja ne da ya dawo da kuɗi, abokai suka kewaye shi a mashaya, ya yi ta ɓarin dukiya, da aljihu ya bushe kuwa sai aka watse aka bar shi. Mutanen Yamai na wancan zamani ba su buƙaci a yi masu bayanin fim ɗin ba, domin kowace unguwa ta san irinsa.

Ta haka kwalba ta zama alamar ɗan bariki, wanda ya yi lakwal, yake karɓar albashi ƙarshen wata, yake sa wando da taguwa irin na Nasara. Matashin ma'aikaci da ya fara zama a mashaya a shekarun 1960, sau da yawa ba daɗin giyar ya kai shi ba, domin ɗaci gare ta ga wanda bai saba ba. Son shiga sahun waɗanda ake kira wayayyu ne ya kai shi.

Kwalba mai raƙumin dawa

Bayan samun mulkin kai a 1960, Nijar ta nemi ta riƙa yin wasu kayayyaki da kanta maimakon sayowa daga waje. A 1967 aka kafa kamfanin Braniger a Yamai, mai yin giya da lemun kwalba, wanda daga baya ya kasance cikin rukunin Castel na Faransa. Shi ya fitar da Bière Niger, mai hoton raƙumin dawa a jikin kwalba, wato dabbar nan da mafi yawan ragowarta a Afirka ta Yamma ke kiwo a dajin Kure, kilomita 60 daga Yamai. Ya kuma riƙa yin Flag, wadda aka sani a ƙasashe da dama masu amfani da Faransanci. Abin lura shi ne, giyar da ake kira ta ƙasa da tsiron sha'ir ake yin ta, sha'ir ɗin kuma daga waje ake sayo shi, alhali burkutun da ake rainawa da dawar manomin ƙasa ake dafa shi.

Zamanin giyar kwalba ya zo daidai da zamanin yuraniyom. An fara haƙo shi a Arlit a 1971, sai kuma Akuta a 1978. Kuɗi suka shigo baitulmali, aka ɗauki ma'aikata, aka yi manyan gine-gine a bakin kogi, ciki har da otel ɗin Gaweye. A birnin da zafin watan Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, kwalba mai sanyi daga firiji ta zama abin marmarin ma'aikaci bayan tashi daga ofis, tare da tsire ko gasasshen kifi. Shugaba Seyni Kunce, wanda ya karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974, ya yi suna wajen kai ziyarar ba-zata ofisoshi da sassafe don ganin wanda ya makara, saboda haka ma'aikacin da ya raba dare a mashaya ya san abin da ke iya jiransa da safe.

Daɗin bai daɗe ba. Daga 1980 farashin yuraniyom ya faɗi a kasuwar duniya, fari ya biyo baya a 1984, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu. Kalmar Faransanci da hukuma ke yawan faɗi a rediyo don nufin wannan hali na matsi ita ce conjoncture. Mashayan Yamai suka ɗauki kalmar suka laƙaba wa Bière Niger, domin ita ce kwalbar da albashin lokacin wahala ke iya kaiwa gare ta. Sunan ya bi ta har ya kusa shafe na ainihi. Babu shaidar da ta fi wannan nuna cewa aljihu ke zaɓar wa mutum abin sha: giyar da aka fara saye don dole, ita ce daga baya aka riƙa yabo da cewa ta fi kowace daɗi.

Daga kudu kuma kwalaben Nijeriya na shigowa. An fara yin Star a Legas a 1949, Guinness kuma ta buɗe masana'antarta a Ikeja a farkon shekarun 1960. Da darajar naira ta faɗi daga 1986, kayan Nijeriya suka yi arha a kasuwannin Nijar. Baƙar giyar Guinness ta samu masoya na musamman, waɗanda suka yi imani cewa tana ƙara jini da ƙarfin namiji. Ba ta yin ko ɗaya. Abin da take da shi fiye da sauran shi ne alkol, domin wadda ake yi a Nijeriya kashi 7.5 cikin 100 gare ta, farar giya kuwa wajen kashi 5. A 2019 masu kamfanin Braniger suka ba da sanarwar aniyarsu ta rufe shi, suna kuka da asara da gasar kayan sha masu arha da ke shigowa daga waje.

Wuskin manya da ledar talaka

A saman wannan tsani akwai wuski da koñak da shampen, abin shan manyan ma'aikata da ƴan kasuwa da baƙin ofisoshin jakadanci. Akwai kuma fastis, barasar kudancin Faransa mai ƙamshin anis, wadda ke zama fari fat in an zuba mata ruwa, ƙarfinta kuma kashi 45 cikin 100. Masu shan waɗannan ba su cika zama a mashayar unguwa ba, sai a otel ko a cikin gida, bayan an rufe ƙofa. Abin da suke saye da kuɗinsu, ban da maye, shi ne sunan da ke jikin kwalbar, domin baƙo ya gani ya san matsayin mai gida.

A watan Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Duk abin da ake sayowa daga Turai ya ninka kuɗi dare ɗaya. Wasu masu wuski suka sauko kan giyar kwalba, wasu masu giyar kwalba suka sauko kan sodabi da jin mai arha. Daga baya wata sabuwar haja ta bazu a Afirka ta Yamma: barasa mai ƙarfin kashi 40 ko fiye, cikin ƴar leda ko ƴar robar da ba ta fi tafin hannu ba, da sunan wuski ko jin ko maganin gargajiya mai ɗaci. Kuɗinta kaɗan ne, tana shiga aljihun wando, ana shanye ta cikin ƙiftawar ido. Ita ce ta kai barasa hannun ɗan lakwal da ɗan tasha da mai tura kura. Ganin ɓarnarta ya sa Kot Dibuwar ta haramta ta a 2016, Burkina Faso kuma a 2019.

Barasar da ba a san inda aka yi ta ba tana da wani haɗari na dabam. In mai dafawa bai iya ba, ko ya haɗa da sinadarin masana'anta don ƙara riba, ana iya samun metanol a ciki, wanda ƙanƙaninsa ke makantar da mutum, ɗan ƙari kuma ya kashe shi. A 2015 mutane gommai suka mutu a jihohin Ondo da Ribas na Nijeriya bayan sun sha ogogoro mai irin wannan guba. Ido ba ya rarrabe ta, hanci ma haka.

Lissafin da ba a yi a mashaya

Ga lissafi mai sauƙi, wanda duk wanda ya yi karatun manya zai iya bi da alƙalami. Babbar kwalbar giya mai santilita 65, mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, tana ɗauke da alkol santilita 3 da ɗan ɗori, wato wajen giram 26. Daidai wannan adadi ne ke cikin santilita 80 na burkutu mai ƙarfin kashi 4, da santilita 27 na giyar inabi mai kashi 12, da santilita 8 na wuski mai kashi 40. Leda biyu masu santilita 5 kowace sun fi babbar kwalba ɗaya. Saboda haka mutumin da ya sha manyan kwalabe uku da dare, yana cewa shi ba ya taɓa barasa mai ƙarfi, ya sha daidai da sulusin kwalbar wuski.

Hanta ce ke aikin kawar da alkol daga jini, kuma ba ta sauri: wajen giram 7 zuwa 10 take iya ƙonewa cikin sa'a guda. Kwalba ɗaya tana cin ta wajen sa'a uku. Kwalba uku da aka fara da ƙarfe 9 na dare ba su gama barin jini ba sai gari ya waye, daidai lokacin da mutum zai hau babur ya kai yara lakwal, ko ya ƙetare gadar Kennedy cikin cunkoson safe. Baƙin kofi da wanka da ruwan sanyi da goro ba su gaggauta wannan aiki, sai dai su buɗe wa mutum ido alhali hankalinsa bai dawo daidai ba. Zancen maganin ƙishirwa ma ba ya tsayawa, domin alkol yana sa yawan fitsari, jiki ya zubar da ruwan da yake buƙata a tsakiyar bazara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa cewa shan giya ya jawo mutuwar mutum miliyan 2.6 a duniya cikin shekarar 2019, ta hanyar ciwon hanta, da ciwon zuciya, da ciwon daji, da haɗarin mota, da faɗa. Tun 1988 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa giya cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa shi, ba tare da ware ta inabi ko ta sha'ir ko ta dawa ba. A Janairu 2023 kuma ofishin Turai na Hukumar Lafiya ya bayyana cewa babu wani adadi na giya da za a ce ba shi da lahani ga lafiya. Faransa kanta, inda ɗabi'ar giyar inabi ta fito, ta rage sha da fiye da rabi daga shekarun 1960 zuwa yau.

Ga mutumin Sahel akwai ƙarin dalili. Ciwon hanta nau'in B ya yawaita a Afirka ta Yamma, kuma mutum yana iya ɗauke da ƙwayarsa shekara da shekaru bai sani ba. Allurar rigakafinsa ta shiga tsarin allurar yara a Nijar a 2008, saboda haka mafi yawan manya ba su same ta suna jarirai ba. Hantar da ƙwayar cuta ke ci a ɓoye, in aka ƙara mata alkol, ta fi saurin ƙandarewa, ta kuma fi kusa da ciwon daji. Gwajin jini guda ɗaya a gidan likita yana nuna wa mutum matsayinsa.

Addini, doka da ɓoyo

Hukuncin Musulunci a kan giya a fili yake. Alƙur'ani mai girma ya bi da mutane mataki-mataki, a Suratul Baƙara da Suratun Nisa'i, har hani na ƙarshe ya sauka a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91. Mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa duk abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, ko wane suna aka ba shi. A nan fiƙihu da ilimin likita sun yi daidai: duka biyu abin da ke cikin kwalba suke dubawa, ba takardar da aka manna mata ba.

Dokar ƙasa kuwa ba ta haramta sayar da giya ba, ta dai kafa mata iyaka. Sai da izinin hukuma ake buɗe mashaya, ba a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, kuma kundin hukunta laifuka na 1961 ya tanadi horo ga wanda aka samu a buge a bainar jama'a. Tsakanin hanin addini da izinin doka, mashaya ta sha zama abin huce haushi. A Nuwamba 2000, lokacin zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA, an far wa mashayu a Maraɗi. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta sake buga zanen ɓatanci ga Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, tarzoma ta ɓarke a Damagaram da Yamai. Mutum 10 suka rasa rayukansu, ƴan sanda kuma suka lissafa coci 45 da mashaya 36 da otel 5 da aka ƙona a Yamai. Malamai da dama sun fito sun yi kira a kwantar da hankali.

Wuta ta cinye gine-gine da dukiyar mutane, amma ba ta raba mashayi da ƙishirwarsa ba. Abin da tsoro da kunya ke yi shi ne su canza masa zaɓi. Mai gudun a gan shi ba ya zama sa'a biyu gaban babbar kwalba. Yana neman abu ƙarami mai ƙarfi, wanda zai juye cikin robar lemu, ya shanye a tsaye, ya tauna wani abu don ɓad da wari. Irin wannan sha na ɓoye ya fi sauri, ya fi ƙarfi, kuma babu abokin da zai ce masa ya isa. Sau da yawa iyali ba su farga ba sai ciwo ya bayyana ko bashi ya taso.

Wanda ke biyan kuɗin

Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A sha'anin giya kuwa ruwan har cikin gida yake bin mutum. Kwalba biyu kowane dare kwalba 60 ke nan a wata. A ɗauka, don misali, kwalba tana kan sefa 700: jimla sefa 42,000, daidai da mafi ƙarancin albashin da aka tsayar wa ma'aikaci a Nijar daga farkon 2024. Mai karatu yana iya sa farashin unguwarsu a wannan lissafi, ya gwada shi da kuɗin buhun hatsi, da hayar ɗaki, da takardar magani, da littattafan yara. Uwargidan da ake ba rabin kuɗin cefane tun tsakiyar wata ba ta damu da ko Flag ce ta ci sauran ko sodabi ba. Haka ma talakan da ya zo ofis daga ƙauye, ya iske mai sa hannu bai iso ba, ko ya iso da jan ido.

Likitoci suna da alamun da suke gane cewa sha ya zama ciwo: mutum ya kasa tsayawa inda ya yi niyya, ya buƙaci ƙari kafin ya ji abin da yake ji a da, hannunsa ya riƙa rawa da safe har sai ya kurɓa, ya riƙa ɓoye yawan abin da yake sha. Wanda ya kai wannan matsayi mara lafiya ne, magani yake buƙata, zagi da gori ba su warkar da shi. Kada kuma ya yanke sha dare ɗaya shi kaɗai a ɗaki, domin jikin da ya saba da alkol kullum yana iya shiga makyarkyata da gigita da farfaɗiya, har rai ya salwanta. Ya je gidan likita a rage masa bisa tsari, iyali da abokai na gari su tsaya masa.

Shekara ɗari ke nan Yamai tana babban birni, kuma kowane zamani ya zo da abin shansa: ƙoƙon manomi, da jar giyar tsohon soja, da kwalbar ma'aikacin zamanin yuraniyom, da ledar yaron tasha. Gardamar wacce ta fi daɗi ko ta fi daraja ba za ta ƙare a mashaya ba. Tambayoyin da ke da amfani ga magidanci su ne nawa ya shiga jini, nawa ya fita daga aljihu, kuma wa ke jira a gida. Mafi yawan mutanen birnin sun zaɓi furarsu da zoɓonsu da shayin fada, ba su rasa hira ba, ba su rasa abokai ba. Wanda bai fara ba, hanyarsa ta fi sauƙi. Wanda ya fara kuma, ya ɗauki alƙalami ya yi lissafin nan da kansa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.